Fataucin Tsofaffin Injunan Noma

Wanda duk ya saba bin hanyar da ta tashi daga Dutse ta bi ta Shuwarin da Kiyawa ta nufi Jahun, in dai yana da idon lura, ba zai rasa ganin gawar tarakta ba, watau abin nan da mutanen ƙauye su ke kira tantan. Wata tana bayan wani tsohon ofishi, tayoyinta sun sace sun nutse cikin rairayi. Wata tana ƙofar gidan attajirin da ya rasu, magada sun kasa daidaitawa a kanta, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta. Wata kuwa an kwance rabinta tun shekarun baya, bakaniken da ya kwance ta ya tafi neman kaya, har yau bai komo ba. Yara su kan hau su riƙe sitiyari suna kukan mota da baki. Manya su kan wuce, in sun tanka su ce, "Allah wadaran naka ya lalace." To, irin waɗannan su ne hajata. Ina sayensu, in sa a tashe su, in sayar wa manoma.

Ni ma'aikaci ne mai ɗaukar albashi a Dutse, albashi kuwa kowa ya san halinsa, ya kan iso ƙarshen wata ya tarar da bashi yana jiransa a zaure. Abokan aikina kowa da abin da ya kama bayan an tashi. Wani kiwon raguna domin Babbar Salla, wani ajiyar riɗi da zoɓo, wani ya sayi babur ya ba yaro haya. Ni da ƙarfe Allah ya haɗa ni. Tun da mutane suka ga na tashi 'yan injuna na sayar sai tambaya ta yi yawa, waɗansu suna tsammani kuɗi ne zube a ƙasa a ke tsinta. Shi ya sa na ga ya kamata in rubuta yadda abin ya ke, tun ba domin ku da kuka yi Yaƙi da Jahilci kuka fita ba, gama sana'ar nan rabinta aikin sufana ne, rabinta na alƙalami.

Da fari sai mu san yadda aka yi ƙasarmu ta cika da matattun injuna. Kakanninmu da fartanya da garmar hannu suka yi noma. A 1928 ma'aikatan gona na zamanin Turawa suka fara koya wa manoman Arewa huɗa da shanu, abin kuwa ya karɓu sannu sannu, ga shi har yau da wuya ka shiga ƙauye a ƙasar Dutse ka rasa bijimai biyu da garma. Noman inji bai yi irin wannan sa'a ba. A 1949 aka buɗe wata ƙatuwar gona a Mokwa aka jibge mata injuna, a 1954 aka naɗe tabarma da hasara. Da kuɗin man fetur suka zo sai aka sake ɗaura ɗamara. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta fito da shirin ciyar da ƙasa, a shekarar kuma aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. A 1980 Shugaba Shehu Shagari ya zo da nasa shirin na bunƙasa noma. Cikin waɗannan shekaru aka yi ta shigo da taraktoci, har aka kafa wuraren harhaɗa su a gida, na Steyr a Bauchi, na Fiat a Kano, hukumomi kuma suka buɗe ofisoshin ba da su haya. Amma fa sayen inji aikin rana ɗaya ne, riƙonsa kuwa na kullum. Da darajar naira ta karye a 1986, kayan gyara suka yi tsada, sai ka ga tarakta ta tsaya saboda ɗan abin da bai fi tafin hannu ba. A ce a jira kuɗi, kafin nan a ciro na wannan a sa wa waccan, har duka biyun su kwanta. Sa'ad da aka yanke Jihar Jigawa daga Kano ran 27 ga Agusta 1991, ta gaji rabonta, da masu rai da matattu.

A Amurka akwai masu sana'a mai kama da tawa, amma kamar a suna ta tsaya. Can suna da 'yan ƙananan taraktoci na yankan ciyawar ƙofar gida da aikin lambu, irin wadda kamfanin John Deere ya fara ƙerawa a 1963 mai lamba 110, ƙarfinta na doki 7 ne kurum. Mutum ya kan nemo tsohuwa, ya mai da ita daidai yadda ta fito daga kamfani har launin fenti, ya kai ta wajen nuni a yi ta kallo, mai sha'awa ya saya ya ajiye a ɗaki. A Ingila ma haka su ke yi da tarakta mai ruwan toka ta Ferguson, wadda aka ƙera fiye da 500,000 a birnin Kwabantiri daga 1946 zuwa 1956. A wurinsu tsufa shi ne ke ƙara kuɗi. Mu nan babu manomin da zai ƙara maka kwabo domin shekaru. Tambayarsa uku ce: eka nawa za ta yi a yini, mai nawa za ta sha, in ta tsaya ina za a sami kayanta. Wanda ya shiga sana'ar nan da son tsohon abu a zuciyarsa, zai tara kayan kallo, iyalinsa kuwa ba kallo su ke ci ba.

Mai ƙaramin jari da injin ban ruwa ya kan fara, ni ma ta nan na bi. Tun farkon shekarun 1990, da shirin Fadama ya zo da taimakon Bankin Duniya, 'yan rijiyoyin burtsatse da ƙananan injunan fetur suka bazu a fadamun Jahun da Miga da Ringim. Yawancin waɗanda a ke cewa sun mutu suma suka yi: kafireto ya toshe da tsohon fetur, ko fulogi ya yi baƙi, ko robar da ke tare ruwa ta cinye. Gyaran yini ɗaya ne. Sai dai kasuwarsu ta yi sanyi tun da aka janye tallafin fetur ran 29 ga Mayu 2023, domin masu hali suna komawa ga famfo mai aiki da hasken rana. Ba na hana kowa taɓa su, amma kada ya tara da yawa.

Abin da na fi juyawa yanzu shi ne tarakta ta hannu, mai ƙafa biyu, wadda mutum ke bi a baya yana riƙe da ƙahoninta kamar mai huɗa da shanu. Mafi yawansu ƙirar Sin ne. Silinda ɗaya gare ta, gas ta ke sha, ƙarfinta ya kan kama daga na doki 12 zuwa sama kaɗan. A kan injin akwai wata tukunya da a ke cika wa ruwa, yana tafasa yana ƙafewa, da haka inji ke shan sanyi, mai tuƙi ya riƙa ƙarawa. Da hannu a ke murza ta ta tashi, bel kuma shi ke kai ƙarfin inji ga giya. Ba ta da wata ƙawa, ga ƙara kamar ana sussuka a cikin kunne, amma ta dace da mai eka biyu ko uku na shinkafa a fadama. Ta yi kaftu, ta ja 'yar tirela zuwa kasuwar Gujungu, in rani ya yi a ɗaura mata famfo ko injin casa. Babban alherinta shi ne injin nata ɗan'uwan wanda masu niƙa su ke aiki da shi ne, saboda haka bakaniken ƙauye ya san cikinsa, kayansa kuma ba sai an je nesa ba.

Babbar haja kuwa ita ce ja ɗin nan ta Massey Ferguson mai lamba 135, wadda aka ƙera daga 1964 zuwa 1975, da ƙannenta da suka biyo baya. Injinta na Perkins ne mai silinda 3, ƙarfinsa wajen na doki 45. Hikimar da ke bayanta ta wani mutumin Ailan ta Arewa ce, Harry Ferguson, wanda ya tsara hannuwa uku da a ke rataya garma a jikinsu, yadda in garma ta ciji ƙasa nauyin zai koma bisa tayoyin baya, ƙaramar tarakta ta yi aikin babba. Abin da ya sa na ke sonta, har gobe ana ƙera kayan gyaranta a Indiya da Turkiyya da Pakistan, a Lahor ma kamfanin Millat yana harhaɗa irin zuriyarta sababbi. An sha yi mini tallar waɗansu taraktoci masu kyaun gani da araha, waɗanda aka taɓa shigowa da su sau ɗaya ba a sake ba. Irin waɗannan marayu ne. Ko kyauta aka ba ka, ka tambayi inda danginsu su ke tukuna.

Yanzu sai maganar dubawa, nan ne kuwa riba da hasara su ke rabuwa. Ranar da za ka je, ka yi sammako, kada kuma ka faɗa wa mai ita sa'ar zuwanka. Injin da ya tsufa da safe a ke gane shi, kamar yadda a ke gane tsoho wajen tashi daga tabarma. Da isarka, kafin gaisuwa ta yi nisa, ka ɗora bayan hannunka a jikin inji. In ka ji ɗumi an riga ka, an tashe shi tun asuba domin ya kama da bugu ɗaya a gabanka, sai ka yi sallama ka ce sai gobe. In da sanyi, ka zaro sandar awon baƙin mai. Baƙi ƙirin ba abin tsoro ba ne ga injin gas, amma in ka ga ya yi fari fari kamar an dama shi da nono, ruwa ya shiga inda bai kamata ba. Ko gaskit ya ƙone, ko kan inji ya tsage, tsakanin waɗannan biyu kuwa akwai kuɗi masu yawa. Ka buɗe murfin lagireto tun inji yana da sanyi, domin buɗe shi da zafi ya sha ƙona fuskokin mutane. Sa'an nan a tayar. In ka ga ruwan yana ta tsattsafo da kumfa, ka riƙe wannan a ranka. Ka koma wajen salansa ka dubi hayaƙi. Shuɗi, inji yana cin baƙin mai, ringi sun cinye. Baƙi, gas ya fi iska yawa, ko matatar iska ta toshe ko nozul sun gaji, wannan da sauƙi. Fari wanda ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, shi ne wanda zai sa ka rage tayi da yawa.

Matatar iskan nan ina so in tsaya a kanta, domin a ƙasarmu ita ce ran inji. Sunan jiharmu ma daga jigawa aka samo shi, watau tudun rairayi. Tarakta tana haro a watan Mayu, ƙura ta kan rufe ta har ba ka ganin direba. Rairayin nan in ya sami hanya ya shiga silinda, sai ya riƙa cin ƙarfe kamar yadda dutsen wasa ke cin wuƙa. Tsofaffin 135 suna da wani kwano a ƙasan matatar da a ke zuba wa baƙin mai, ƙura ta riƙa maƙalewa a ciki. Na kan kwance kwanon nan in duba kafin kome. In na tarar da mai, ko da ya yi datti, na san an kula da ita. In na tarar da busasshen taɓo ya daskare kamar dawo, ba na bukatar a gaya mini halin ringi. Haka kuma in na ga an kifa gwangwanin madara a bakin salansa domin tare ruwan sama, na kan ji daɗi, don wanda ya tuna da gwangwani bai manta da giris ba.

Daga nan a rataya haro ko garma a ɗaga sama, a kashe inji, ku zauna ku ƙarasa gaisuwar da kuka katse. In kafin ku gama tambayar iyali garma ta sauka ƙasa, famfon da ke ɗaga ta yana yoyo a ciki. A gwada kowace giya. A taka kuloci a ji, domin gyaransa sai an raba tarakta gida biyu. A dubi tayoyin baya da kyau, su kaɗai suna iya cinye ribar cinikin duka. Wadda kuwa ba ta tashi sam, ka sa sufana ka gwada juya injin da hannu. In ya juya akwai rai. In ya kafe, wataƙila tsatsa ce ta riƙe fistin, a kan zuba gas a silinda a bar shi kwanaki a riƙa lallaɓawa, wani ya saki, wani ya ƙi. Irin wannan sayen kifi a ruwa ne, kada ka biya fiye da kuɗin nauyin ƙarfenta sai ɗan abin da ba a rasa ba.

To, ga inda karatu ya ke biyan mai shi. Kowace tarakta tana da lamba a wani ɗan faranti da aka manna mata, inji ma yana da tasa a daddale a jikinsa. Ka goge wurin, ka karanta lambar ɗaya ɗaya, ka gwada da wadda ke cikin rasit. In faranti ya ɓata, ko ka ga alamar an goga wurin da zarto, ka tashi. In aka ce ta hukuma ce a da, sai an nuna maka takardar gwanjo mai hatimi, in ba haka ba wata rana za ka ga 'yan sanda a ƙofar gidanka, ka rasa kuɗi ka rasa mutunci. In ta gado ce, kada ka yarda da babban ɗa shi kaɗai, kome kwarjininsa. A tara magada duka, da mata, kowa ya sa hannu ko ya dangwala, a gaban mai unguwa da shaidu biyu. Na ga cinikin da aka gama, aka gyara tarakta ta tashi, sa'an nan wata 'yar marigayi da ke aure a wani gari ta aiko ta ce ba da saninta ba, magana ta kai gaban alƙali, damina ta wuce tarakta tana tsare. Wanda bai iya karatu ba, a duk waɗannan wurare da idon dillali ya ke gani, dillali kuwa la'adarsa ya ke dubawa.

Ni ba bakanike ba ne, kada in ci bashin yabo. Abokin sana'ata wani dattijo ne da ya koyi aiki a garejin hukuma tun muna cikin Jihar Kano, ina ce masa Baba, shi kuwa ya ce mini Malam. Tun ran farko muka yanke cewa jari nawa, hannu nasa, muka rubuta rabon kowa. Yadda ya ke aiki abin kallo ne. Ya kan shimfiɗa buhuna a inuwar darbejiya, duk abin da ya kwance ya wanke shi da gas ya jera bi da bi, noti ba ya haɗuwa da wanda ba nasa ba. Ni kuwa ina gefe da littafi, yana faɗa ina rubutawa: wannan a sake, wannan zai yi wata damina, wannan a kai wa mai walda. Abu ɗaya ne ba ya taɓawa, shi ne famfon da ke rarraba gas ga nozul. Ya ce cikinsa ya fi cikin agogo laushi, ƙwayar rairayi ɗaya ta ishe shi, saboda haka a kan naɗe shi a tsumma mai tsabta a kai Kano wurin masu na'urar gwada shi. Sauran kaya a kasuwar Ƙofar Ruwa mu ke nema, da tsohon a hannu domin a gwada. Kayan gyara a ko'ina iri uku ne: sabo na ƙwarai, da na asali wanda aka kwanto daga wata tarakta, da jabu mai kyaun kwali. Sau da yawa na kwance ya fi sabo mai araha daɗewa, amma gane su sai ido irin na Baba.

Fenti shi ne abu mafi araha cikin gyara duka, shi ne kuma ya fi kome ruɗin mai saye. Gwangwani biyu na ja suna iya mai da gawa amarya. Akwai masu yin sana'ar nan da ba su san wani gyara ba sai shi: a zuba baƙin mai mai kauri domin ƙarar inji ta kwanta, a toshe lagireto da abin da ya samu, a fesa ja, a kai kasuwa. Ka tuna fa wanda zai saya. Sau da yawa ba attajiri ba ne, matasa ne biyar ko shida suka haɗa kuɗi, wani ya sayar da bijimansa, wani ya karɓo na matarsa. Daminarmu gajeruwa ce, daga Yuni zuwa Satumba. In inji ya tsaya mako biyu a farkon ruwa, ba inji kaɗai suka rasa ba, shekara ce ta tafi, ga shi kuwa shanun da za su koma wa an sayar. Malamanmu a babin ciniki sun karantar cewa ɓoye aibin haja haramun ne, mai saye kuma yana da ikon mayarwa in ya gano. Kowa ya san haka. Wuyar abin ita ce tunawa da shi a lokacin da kuɗinka ya yi wata shida a kwance.

Akwai wata tarakta ta hannu da muka gyara, gidan giyarta ya taɓa tsagewa aka yi masa walda. Da dillali ya zo ya leƙa ƙarƙashi ya gani sai ya ce, "Malam, wannan tabon fa? A shafe shi mana, wa zai kwanta a ƙasa ya duba?" Kafin in buɗe baki Baba ya ce, "Ɗana, waldar nan a gabana aka yi ta, ba na jin kunyarta. In ka rufe ta, ka mai da gyara ya zama zamba." Haka muka bar wurin ba fenti. Mai saye na fari ya gani ya juya, na biyu ma haka. Har na fara lissafin kuɗin makarantar yara ina duban tabon nan da wani ido. Can sai ga waɗansu manoman shinkafa daga wajen Miga, da Sarkin Nomansu a gaba. Na kama hannunsa na kai shi wurin na ce, "Sarkin Noma, ga aibinta, ka gani da idonka." Ya durƙusa ya shafa ya daɗe, ya ɗago ya ce, "Malam, saura na ina?" Na ce, "Bel ɗinta ba zai wuce bana ba, ga sabo na sa a cikin ciniki." Ya rage mini abin da ya rage, ya kuwa rage da yawa, ba zan ce ban ji zafi ba. Muka rubuta aibin a cikin takardar ciniki, shi ya karanta da kansa, don ashe shi ma ɗan ajin dare ne. Ribar da na ci a wannan ba ta kai ta rago ɗaya ba.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Saye da kaka ya fi, sa'ad da aikin inji ya ƙare, mai shi ga biki ga bashi. Gyara da hunturu. Sayarwa a Afrilu da Mayu, da hadari ya fara haɗuwa a gabas, kowa hankalinsa ya tashi. Ta hannu tana da kasuwa ta biyu wajen Oktoba, gabanin shukar alkama da a ke yi daga tsakiyar Nuwamba. Wanda ya gama gyara a Yuli ya makara, sai ya zauna da ita ko ya ba da ita haya, haya kuwa tana kawo kuɗi tana cin gyaran da ka yi.

Ga misalin lissafi, na ɗauki 100 domin sauƙi, kai ka ƙara sifiri yadda zamani ya ke. A ce ka sayi gawa a kan 100, kayan gyara 60, ladan bakanike 20, jigila 10, la'ada 5. Ka kashe 195 ke nan. Ka sayar 230, ka ce ka ci 35, ka yi murna. Amma in ka koma neman wata gawar ka tarar ta zama 130, kayan gyara sun zama 80, ina ribar? Tun da naira ta sake faɗuwa a 2023 abin nan ya zama ruwan dare. Faɗuwar ta taimake mu ta wani gefe, domin sabuwar tarakta ta fi ƙarfin yawancin manoma, tilas su waiwayi tsohuwa, amma ta sa lissafin naira ya zama mai yaudara. Saboda haka a littafina akwai layi biyu. Ɗaya na naira, ɗaya na buhun gero bisa farashin Shuwarin a makon da na saya da makon da na sayar. Maganar bashi kuwa, manomi zai ce a bari sai kaka. Na kan yarda da ɗan saura, a rubuce, da shaidu, ga wanda na san gonarsa.

Abokan takarata na yanzu ba masu gyara ba ne, 'yan gwangwan ne, masu sayen ƙarfe a kan sikeli. Tarakta irin 135 nauyinta wajen tan ɗaya da rabi ne, su kuwa ba ruwansu da hayaƙi ko takarda mai yawa, kuɗi a hannu nan take. Su zo da wutar yanka, kafin la'asar abin da zai iya huɗar gari guda ya zama gutsattsari a bayan mota, a kai kudu a narkar a yi rodi. Ba na zarginsu, abinci su ke nema kamar kowa, wata gawar ma ba ta da sauran amfani sai nasu. Abin da ke ci mini rai shi ne ba su bambanta wadda ta mutu da wadda ta suma. Dalilin haka na shirya da biyu daga cikinsu, in sun sami tarakta su aiko mini kafin su kunna wuta, in zo da Baba mu zaɓi abin zaɓa, in biya su fiye da kuɗin sikeli. Ɗakin da ke bayan gidana yanzu cike ya ke da gidajen giya da hannuwan garma da kawunan inji, kowanne da 'yar takarda a ɗaure da lambarsa da ranar da aka same shi. Uwargida tana kiransa maƙabarta. A daminar da ta wuce wani direba ya zo tun daga ƙasar Gwaram a kan babur, da karyayyen haƙorin giya a aljihu, ya ce ya zaga Kano yini biyu bai samu ba. Muka buɗe littafi muka duba, yana nan a layi na uku, ƙarƙashin taga.